Ƙwaya ta Huɗu

Ranar Asabar ce, wajen sha ɗaya da rabi na safe. Na dawo daga kasuwa da leda a kowane hannu, na tura ƙofar falo da ƙafa, sai na ga jakar aikina a ƙasa, bakinta a buɗe, takarduna a warwatse. 'Yata tana zaune a tsakiyarsu tana buga cokali a kan kofinta na roba. Shekararta biyu da wata uku. Tsigi muke ce mata, don tun haihuwa ba ta da auki, sai ƙiriniya. Mahaifiyata, wadda ke zama da ita idan mun fita, tana durƙushe tana tattara takardun, tana yi mata faɗa irin na kaka, wanda rabinsa dariya ne.

Ban bi ta kan takardun ba. Wata 'yar kwalba na hango kusa da ƙafar kujera, murfinta a gefe, ba komai a cikinta. Ban san lokacin da ledojin suka bar hannuna ba.

Shekara shida ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, kuma aikina duk a kan abu ɗaya ne: wasu 'yan ƙwayoyi da muke haɗawa da kanmu, masu shan ruwa su kumbura. A bushe ba su wuce ƙwayar dawa ba, ga tauri kamar tsakuwa. In aka jefa su a ruwa suka kwana suka wuni, kowace sai ta kai ƙaramin ƙwan kaza, ta yi laushi da santsi. Ba girman ne ya dame mu ba, yadda fatarsu ke tattarewa a kan hanya shi muke bincike. Bayan ƙwayar ne ke fara shan ruwa, yana son ya buɗe, cikin kuma yana nan a bushe ya riƙe shi gam. Tun da ba shi da inda zai je, sai ya tattare, kamar yadda tela ke tattara yadi mai faɗi a kan ƙaramin wuya. Doka ta hana fita da su daga ɗakin gwaji. Ni kuwa na saka talatin a kwalba ranar Juma'a, don in jiƙa su a gida in yi ta ɗaukar hotonsu, in rage aikin Litinin.

Na karɓe kofin daga hannun Tsigi, ta sa kuka. Ƙwayoyin suna ciki suna iyo a sauran ruwan da ta sha, shuɗi-shuɗi, don muna rina su saboda su fito a hoto. Na juye su a farin faranti na ƙirga. Ashirin da huɗu. Na sake ƙirgawa da bakin cokali, ɗaya bayan ɗaya, ashirin da huɗu. Na kwanta a kafet ina lalube da tafin hannu, na samu biyu busassu a ƙarƙashin tebur. Na ɗaga kujeru, na kakkaɓe rigarta, na duba kunnenta da hancinta. Saura huɗu. Da na buɗe bakinta, harshenta ya yi shuɗi har can baya.

Inna ta tsaya da takardu a hannu tana kallona. Na tambaye ta yaushe abin ya faru. Ta ce yanzun nan, ta shiga kicin ne kawai ta sauke tukunya, ko minti biyar ba ta yi ba, ta fito ta tarar ƙawar tata ta yi mata wannan aiki.

Na dubi farantin. Ƙwayar da ta yi minti biyar a ruwa, jikinta kamar fatar kazar da aka fige yake, ƙananan ƙuraje birjik waɗanda ido ba ya iya ƙirgawa. Ruwa na ƙara shiga, ƙurajen na haɗewa da juna, suna raguwa suna girma, har su ɓace ƙwayar ta yi sumul. Waɗannan kuwa sun kai kan babban yatsa, kowace da tudu goma sha biyu zuwa sha huɗu, da kwari mai zurfi a tsakani. Na ga irin wannan fuska ta fi sau dubu. Awa ɗaya da rabi suka yi a ruwa, ko sama da haka. Ban ce wa Inna komai ba. Na ciro waya na ɗauki hoton farantin.

Na kira Baban Tsigi. Gyaran firiji yake yi, shagonsa layi biyu ne daga gidanmu. Na ce ya zo da mota yanzu, asibiti za mu. Kafin ya iso na zuba ƙwayoyin da ruwansu a kwalbar zuma da na wanke. Na matse lemun tsami uku a wata ƙaramar kwalbar, na jefa busassun nan biyu a ciki, na rufe. Ban tsaya tunanin dalili ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba.

A mota na gaya masa komai. Tukwanen gas suna ta karo da juna a baya, Inna tana riƙe da Tsigi, ita kuma tana nuna mata akuya ta taga. Ya saurara har na gama, idonsa a kan titi. Sai ya tambaye ni abu ɗaya.

"Me ya kawo su gidan?"

"Ni na kawo su."

 Mutum ne mai barkwanci, wanda ko a jana'iza sai an harare shi, kuma kullum yana tsokanata da cewa ya auri matar da gwamnati ke biya don ta zauna tana kallon abu yana jiƙa. Ranar, har muka isa, ko tari bai yi ba.

Likitan da muka samu a sashen gaggawa matashi ne, da gani ya gaji, aljihun rigarsa cike da biro. Ya danna cikin Tsigi, ta yi dariya don tana jin cakulkuli. Ya tura mu hoto. Muka yi layi, muka dawo da hoton wajen ƙarfe ɗaya, ya ɗaga shi ga hasken taga ya ce bai ga komai ba. Na ce ba zai gani ba, abin kusan duk ruwa ne, ba ya fitowa a irin wannan hoton. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa iyayen da hankalinsu ya tashi. Ya ce yara suna haɗiye kwabo, suna haɗiye maɓalli, har da batir ya taɓa gani, kuma yawanci abin da ya shiga ta sama yana fita ta ƙasa. Mu koma gida, mu riƙa duba bayan gidanta, in ta fara amai mu dawo.

Na ji Baban Tsigi ya sauke numfashi a bayana. Inna ta yi hamdala ta fara gyara goyo. Da na yi shiru a lokacin, da kowa ya tafi gida da farin ciki, ni ma da na samu sauƙin harara.

Na ciro kwalaben biyu daga jaka na ajiye a kan teburinsa, a kan fayil ɗin wani. Na ruwan sun ƙara girma, sun kusa dabino, tudun jikinsu ya ragu zuwa bakwai ko takwas, manya-manya kamar ƙwaƙwalwa. Na cikin lemun tsamin kuwa da kyar suka kai wake. Na ce masa tsami yana hana su sha sosai, kuma tumbin mutum ya fi lemun nan tsami. Muddin suna tumbi, ƙanana ne, ana iya zura bututu a ɗauko su. Ranar da suka gangara hanji, inda babu tsamin, za su koma irin na babbar kwalbar, kuma ba nan za su tsaya ba. Na haɗa yatsuna na nuna masa girman ƙwai. Na tambaye shi faɗin hanjin yarinya 'yar shekara biyu.

Ya kalli kwalaben, ya kalle ni. Ya tambaya ko ni likita ce. Na ce a'a, ni ce dai na haɗa su da hannuna. Ya ce likitar da ke zura bututun ba ta aiki yau, kuma ba a kiran babba daga gida ranar hutu saboda yarinyar da ke wasa da dariya. Ban ga laifinsa ba. Amma na ji muryata ta fara tashi, kuma na san in ta tashi na zama uwa mai hayaniya, ba wanda zai ƙara saurarona.

Wata sista, ma'aikaciyar jinya, ce ta cece ni, dattijuwa mai gilashi a kan hanci, wadda tun ɗazu take naɗa bandeji a gefe kamar ba ta ji. Ta zo ta ɗaga babbar kwalbar ta jijjiga, ta ce in ciro mata ɗaya. Na ciro. Ta matsa ta tsakanin yatsu biyu, ta suɓuce ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin gado. Ta dubi likitan ta saman gilashi.

"Likita, kira ta. In ta yi faɗa ka ce ni na sa ka. Ta saba da ni."

Minti arba'in muka jira a kan benci. Baban Tsigi ya karɓi yarinyar daga hannun Inna ya ɗora ta a cinya, da na miƙa hannu sai ya yi kamar bai gani ba. Tsigi ta fara neman ruwa, an kuwa ce kada a ba ta komai. Ta yi ta kiran "uwa, uwa", wato ruwa a bakinta, tana jan gemunsa. Ni ina zaune da kwalba a kowane hannu, ina kallon na lemun tsamin kamar ina leƙen cikinta.

Babbar likitar ta iso da silifas da kayan zaman gida, gajeriya, mai saurin magana. Ba ta nemi dogon bayani ba. Ta ga kwalaben, ta yi mini tambaya uku ko huɗu masu kyau, irin waɗanda da ɗalibina ne ya yi su da na ji daɗi. Sai ta kira likitan da ke sa barci. Shi ya kawo wata matsalar. Ya tambayi yaushe yarinyar ta ci abinci, na ce ta sha madara da biskit ƙarfe tara, kafin in fita. Ya ce to ba zai so ya sa ta barci da abu a ciki ba, tana iya amai ya shiga huhu. A jira ƙarfe uku, lokacin awa shida ta cika. Ya duba katin da matashin likitan ya rubuta, ya ce ai sha ɗaya da rabi ta haɗiye, akwai sauran lokaci, da wuya su bar tumbi da wuri haka.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa. Tun da na yi wayo ban taɓa ƙaryata ta a gaban mutane ba, balle a gaban surukinta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ce ba sha ɗaya da rabi ba ne, wajen ƙarfe goma ne. Na nuna musu hoton farantin, da lokacin da wayar ta rubuta a ƙasa. Na ƙirga musu tudun jikin ƙwaya ɗaya da bakin biro, na ce ba yadda za a yi ƙwaya ta yi wannan fuska a minti biyar, ko a rabin awa. Ban dubi wajen ƙofa ba. Babbar likitar ce ta juya, ta tambayi Inna a hankali, ta ce Mama, ko akwai abin da ya shige miki.

 Sai Inna ta ce sabon maganin hawan jinin da aka sauya mata wata guda da ya wuce yana sa ta barci. Bayan fitata ta zauna a kujera don ta huta kaɗan, ba ta farka ba sai da ta ji ƙarar ƙofar gida. Ba yau ya fara ba. Ba ta faɗa ba ne don kada mu daina bar mata yarinyar, mu kai ta gidan raino, ita kuma ta zauna tana kallon bango. Tana maganar tana murza bakin mayafinta, ba ta yi kuka ba. Da ta yi kukan ma da ya fi mini sauƙi.

Likitocin biyu suka koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Ina jin shi yana cewa haɗari ne, ita tana cewa wancan ma haɗari ne, kuma ya fi. A ƙarshe suka tsaya a kan ƙarfe biyu, zai sa mata bututun numfashi don ya tsare huhun. Sista ta kawo takardar amincewa ta miƙa wa uban.

Ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, leɓensa yana motsi. A wurin da aka lissafa abubuwan da za su iya faruwa ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun cikin mota.

"Kin ga lokacin da ta haɗiye?"

"Ban gani ba."

"Inna ma ba su gani ba. To in suna ƙarƙashin kabad fa? A sa mata wannan barcin a banza?"

Na ce zai iya yiwuwa. Na ce abin da na sani shi ne huɗu sun ɓata, kuma harshenta ya yi shuɗi har maƙogwaro, ban san komai bayan wannan ba. In na yi kuskure, an wahalar da ita a banza kuma laifina ne. In ban yi kuskure ba muka koma gida, ban san da wane ido zan kalle shi jibi ba. Ya juya biron a hannunsa. Ya ce shi a sana'arsa, bututu in ya toshe tun daga baki ake kama shi, in ya shige ciki sai an yanka. Ya sa hannu.

Ba su bari mun shiga ba. Sista ta karɓi Tsigi, yarinyar tana ihu tana miƙo hannu, ba wajena ba, wajen babanta. Ƙofar ta rufe. Muka zauna mu uku a benci ɗaya, tsakanin kowa da kowa akwai wurin zaman mutum guda. Fanka tana juyawa a sama tana ƙara kamar za ta faɗo. Wani mai shara ya zo ya ce mu ɗaga ƙafa, muka ɗaga tare.  Inna ta miƙo hannu ta zare kwalaben daga hannuna ta ajiye a ƙasa, ta ce yatsuna sun yi fari.

Bayan minti hamsin babbar likitar ta fito da ƙaramin kwanon ƙarfe. Ta ce yarinya lafiya, tana farfaɗowa. Ta ce ta sha kamun kifi da hannu a rayuwarta, amma ba ta taɓa gamuwa da abu mai santsin wannan ba, sai da ta sa 'yar raga. A cikin kwanon akwai ƙwaya biyu cikakku, sun ɗan fi wake, jikinsu duk tudu da kwari, da ta uku wadda ta rabe biyu. Na haɗa ɓarin biyun da yatsa, suka zauna daidai. Uku ke nan. Ta ce ta duba tumbin lungu-lungu, ta leƙa farkon hanji iya inda bututun ya kai, ba ta ga ta huɗu ba. Ko dai ba ta haɗiye ta ba, ko ta riga ta wuce.

Aka kwantar da mu a ɗakin yara. Na ce wa Baban Tsigi ya koma gida ya fitar da komai daga falo, ya kwara ruwa a ƙasa da kan kafet ya bar shi ya jiƙe, in ƙwayar tana nan za ta kumbura ta nuna kanta. Ya tafi da Inna. Wajen la'asar ya kira, ya ce ya fitar da kujeru, ya kwance bayan kabad, ya zazzage takalma, ya tace ruwan da ya share da rariya. Maƙwabta sun ɗauka tashi za mu yi. Bai ga komai ba. Ya ce zai bar kafet ɗin a jiƙe ya sake dubawa da safe. Da safen ma babu.

Tsigi ta tashi Lahadi da walwala. Ta sha shayi, ta ci rabin ayaba, ta ƙwace abin auna zafi daga hannun sista. Na buɗe ƙunzugunta sau biyu ina tonawa da tsinke, ban ga shuɗi ba. Matashin likitan ya biyo ta ɗakin, ya tsaya a bakin gadon, ya tambaya ko zai iya ganin kwalbar. Na nuna masa. Sun gama tattarewa, sun yi sumul, ruwan ya ƙare sun cika kwalbar suna matse juna. Ya daɗe yana kallo. Ya ce zai sa a yi wa Tsigi sikanin, hoton ciki irin na masu juna biyu, da rana ko da ba ta nuna komai ba.

Ba a kai ranar ba. Wajen sha ɗaya ta ture kofin shayi, ta kwanta ta naɗe ƙafafu. Ta yi amai, na farko fari, na biyu kore shar. Cikinta da na taɓa ya yi tauri kamar ganga. Wannan karon ba wanda ya ce in kwantar da hankali. A ɗakin sikanin mai aikin ya shafa mata mai, ya yi ta zagayawa da abin, sai ya tsaya. Na ga abin a allo kafin ya nuna: baƙin da'ira, zagayayye tsaf, kamar an zana da bakin kofi. Ya auna, ya faɗi lamba. Na san lambar, na kuma san saura nawa ta kai iyakarta. Na gaya wa babbar likitar cewa ba ta gama girma ba. Ta ce ta sani, an riga an kira likitan tiyata.

Baban Tsigi ya iso a guje, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Aka sake kawo takarda. Wannan karon bai karanta ba.

Awa biyu da kwata suka yi. Ba zan iya faɗin abin da na yi a cikinsu ba. Na san dai na yi salla a wani lungu kusa da matakala, na kuma kasa tuna raka'a nawa na yi. Na san Inna ta zo da abinci a kula ba wanda ya buɗe. Can Baban Tsigi ya tashi ya je ya tsaya a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗigar ruwa a barandar, ya ɗaga kai yana kallonta, ya ce magudanarta ce ta toshe, aikin minti goma ne. Ba da kowa yake ba.

Likitan tiyatar dogo ne, mai magana a hankali. Ya ce sun same ta can ƙasa, inda ƙaramin hanji ya fi ƙunci, ta toshe shi kamar murfi. Hanjin ya kumbura amma bai mutu ba, ba su yanke komai ba. Sun ɗan tsaga shi suka fitar da ita suka ɗinke. Da an ƙara kwana ɗaya, da labarin ya bambanta. Ya tambaya ko ina son in gani. Na ce a'a. Baban Tsigi ya ce shi yana so, ya bi shi ciki. Da ya fito ya zauna kusa da ni, ba tazara, ya ce bai taɓa zaton abin da ya kusa kashe masa 'ya zai yi kyau haka ba. Sai ya rufe fuska da hannuwa, kafaɗunsa suna rawa, na rasa ko dariya yake ko kuka, har sai da na ga ruwa yana bin tsintsiyar hannunsa.

Kwana shida muka yi a asibitin. Ranar Litinin na kira shugaban sashenmu na gaya masa abin da na yi, tun kafin ya ji a bakin wani. Ya tambayi jikin yarinyar, ya ce za a zauna a kan maganar in na dawo, kuma ba zai iya yi mini alkawarin komai ba. Na ce na gane. Babbar likitar ta roƙe ni hotunan da jadawalin lokutan, ta ce tana so ta manna a sashen gaggawa, na tura mata. Ita ce kuma ta sa aka duba Inna aka sauya mata magani. Inna ta ƙi zama a kujerar kusa da gadon, sai can bakin ƙofa, har sai da Tsigi ta farka sosai ta kira ta da kanta.

A rana ta uku bayan aikin aka ce za a iya fara ba ta ruwa, cokali ɗaya duk bayan minti goma, kada a wuce. Sista ta kawo kofi da ƙaramin cokali ta miƙa wa uban, don shi ne a kusa. Tsigi ta buɗe baki tun kafin a ɗebo, leɓenta duk ya bushe ya tsage. Ya ɗebo, rabin ya zube a kan zanen gado. Ya ce shi da ya saba da ƙarfe ba zai iya wannan ba, ya turo mini kofin.

"Karɓi, Malama. Ke kika iya awo."

Na ba ta cokali ɗaya. Ta haɗiye, ta riƙe cokalin da haƙora ta ƙi saki, tana neman ƙari. Na ce sai an jima. Ta yi kuka, mu uku muka zauna muna kallon agogon bango har minti goma ta cika.